Rasuwar Maƙogwaro, Kwamfutar da ke Magana da Muryar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro bai gama sakinta ba har yanzu da nake wannan rubutu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda mahaifina ya raɗa wa suna Maƙogwaro. Ta rasu ranar Talatar makon jiya, jim kaɗan bayan azahar, a ɗakin ajiyar kaya na ƙarƙashin bene, a kan bulo biyun da ta zauna a kansu shekara uku da wata huɗu. Ba kowa a kanta lokacin da rai ya yi halinsa. Ni da nauyinta yake wuyana ina wurin aiki, ina lallaɓa kwamfutocin wasu mutane.

Marigayiyar ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya. Ƙuruciyarta ta yi ta ne a ofishin da nake aikin kula da kwamfutoci, inda ta yi ta buga takardu ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Da aka sayo sababbi, aka jera tsofaffin a baranda ana jiran mai kwashe shara, sai na roƙi shugabanmu ya bar min ita. Na kawo ta gida a tasi, a kan cinyata, baƙa wuluk, ga nauyi, gefenta ɗaya a lotse. A lokacin ban san abin da zan yi da ita ba. Wata biyu bayan nan na sani.

Mahaifina kafinta ne. Shekara arba'in yana magana cikin ƙarar zarto da guduma, har ta kai idan ya ce "Wa ya taɓa min awo?" a shago, sai an ji shi a ƙarshen layi. Sai muryar ta fara dishewa. Muka ce mura ce, muka ce garin katako ne. Likita ya duba ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma sai an cire wurin da murya take fitowa gaba ɗaya. Zai rayu in Allah ya so, zai riƙa numfashi ta wani ɗan bututu a wuya, amma magana ta ƙare. Aka ba mu mako uku kafin tiyata.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai da sauƙi, tunda Baba ya iya rubutu. Ya iya kam. Mama ce ba ta iya karatu ba, ko harafi ɗaya. Ba a sa ta makaranta ba, lambobin da ke wayarta ma da hoton fuskar mutum take gane su. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, duk abin da ya taɓa shiga tsakaninsu da baki ya shiga. A mota, muna dawowa daga asibiti, da muka kusa gida, Mama ta dubi taga ta ce, "To ni yanzu da wa zan riƙa faɗa?"

Washegari na rataya barguna a bangon ƙaramin ɗaki don kada ƙarar waje ta shigo, na ajiye makirufo a kan tebur, na zaunar da Baba. Kullum da safe, lokacin da muryar ta fi washewa, yana karanta jimloli ina ɗauka. Jimla dubu biyu da ɗari uku muka yi cikin kwana goma sha tara. Ba da son ransa ya yi su ba.

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "wane mara aikin yi ne ya rubuta wannan? 'Jirgin ruwa ya makara saboda iska.' Ina ruwana da jirgin ruwa?"

"Karanta kawai, Baba."

"Yanzu in na mutu a tiyatar nan, sai a ce maganata ta ƙarshe a duniya jirgin ruwa ne?"

Allah ya sa bai mutu ba. Yana kwance yana jinya na ɗora wa marigayiyar manhajar da ke mayar da rubutu magana, na zuba mata muryar Baba ta yi ta koyo, kusan mako biyar ba hutu, fankarta tana gurnani, jikinta zafi kamar mai zazzaɓi. Daga nan na mayar da ita abin da masu sana'armu ke kira saba, wato kwamfutar da ba a kashewa, wadda ke zaune tana jiran a aiko mata da aiki ta intanet. Na yi ɗan shafi mai gurbin rubutu ɗaya da maɓalli ɗaya. Baba ya rubuta a wayarsa, ya danna, rubutun ya tafi wurinta, ta karanta shi da muryarsa ta mayar masa, wayar ta faɗa. Daƙiƙa biyu ce tsakani. Ko yana gida, ko yana shago, ko yana layin ganin likita, in dai akwai intanet, yana da baki.

Ranar da muka fara gwada ta muna cin abincin rana ne, da ni da Mama da babban wana, malamin makaranta, wanda nake kira Yaya. Baba ya daɗe yana rubutu da ɗan yatsa ɗaya, mu kuwa muna jiran magana mai nauyi. Sai wayar ta ce, da muryarsa sak, har da ɗan dishin nan: "Gishiri ya yi yawa." Mama ta ajiye cokali, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kuka har kafaɗunta suna rawa. Da ta gama ta share ido ta ce, "Wata biyu ka yi shiru, abin da ka tara min ke nan? To gobe ka dafa da kanka." A ranar Baba ya raɗa wa marigayiyar suna. Ya ce tunda an cire masa nasa, ga wani an ajiye masa a ƙarƙashin bene.

Ina ba da shaida, kuma duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidanmu zai bayar, cewa marigayiyar mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ba ta taɓa rage wa Baba magana ba, ba ta taɓa ƙara masa ba. Ko baƙar magana ya rubuta wa mai ciniki, haka za ta faɗe ta ba kwana-kwana. Idan aka kunna ta takan yi "fiit" sau ɗaya, kamar mai sallama, daga nan sai "hummm" ɗinta na kullum, wanda muka saba da shi har muka daina ji. Ta kuma iya riƙe sirri. Tun farko Baba ya rubuta min a takarda cewa abin da zai faɗa wa mahaifiyata ba nawa ba ne, don haka na tsara ta yadda duk abin da ta karanta sai ta manta shi nan take. Sau da yawa ina wucewa ta ƙofar ɗakinsu nakan ji wayar tana magana ƙasa-ƙasa, Mama tana cewa, "Kai dai Malam, ba ka girma."

Tana da nata rauni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta cika rarrabe wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar da ake sha ba, kuma a gidan da wuya ne matsalar, wannan ya jawo ruɗani ba sau ɗaya ba. Baba kuma yana ƙyuyar neman haruffa masu ƙugiya a waya, ita ko abin da ta gani take faɗa. Rannan makullin shago ya ɓata, wayar ta ce, "Makulli ya ba ta," Mama ta miƙe tsaye ta ce, "Wace ce? Me ya ba ta?" Sannan ba ta iya tsawa ba. Duk maganarta murya ɗaya ce, a natse. Idan ran Baba ya ɓaci sai ya ƙure ƙarar wayar, ya danna maɓallin sau uku a jere, a faɗi abu ɗaya sau uku cikin ladabi.

Dole in faɗi yadda aka yi ta zauna a gida, domin a nan laifina ya fara. Tun watan farko Yaya ya leƙa ɗakin ajiyar, ya ga wayoyi sun harɗe, ga kwalayen tsofaffin takalma a gefe, ya ce, "Ke, bakin Baba ne a kan bulo biyu? Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. Ki kama hayar wuri a wajensu mana, masu sanyi da janareto da masu gadi."

Na bincika, ba wai ban bincika ba. Masu arahar cikinsu mutum ɗari suke cusawa a kwamfuta ɗaya, ba sa yarda da manhaja mai cin ƙarfi irin tamu. Wasu suna ba da hayar kwamfuta sukutum, amma tana can wata uwa duniya, na gwada na ga sai Baba ya jira daƙiƙa shida kafin ya amsa gaisuwa. Akwai kuma waɗanda suka ce in kawo muryar kawai, su za su yi komai. Na karanta sharuɗɗansu har ƙasa, inda aka rubuta da ƙananan haruffa cewa suna iya amfani da abin da aka ba su don inganta aikinsu. A makon ne kuma wata abokiyar aikina ta zo ofis ido jawur. An kira gwaggonta da muryar ɗanta, yana kuka yana cewa ya yi hatsari, matar ta fita ko takalmi babu ta faɗa hannun 'yan damfara, alhali ɗan yana wurin aikinsa lafiya lau. Daga wani ɗan bidiyo suka kwaikwayi muryar. Ni kuwa jimla dubu biyu da ɗari uku ce a hannuna, tsaf-tsaf, ba hayaniya. Na riƙa jin muryar Baba a kaina tana kiran ƙannensa, tana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, shi kuwa ba shi da bakin da zai ce ba shi ba ne.

Na ce wa Yaya, "Muryar Baba ba za ta kwana a gidan wani ba."

Ya ce, "To in wannan ta mutu fa?"

Na ce, "Ina da kwafi."

Ina da shi kuwa. Wani ɗan faifan ajiya ne kamar tafin hannu, na jona shi da gajeriyar waya, na ɗora shi a kan marigayiyar, yana kwafe komai duk mako shi da kansa. Har alfahari nake yi da wannan dabara.

Ciwon ajalinta ya fara wata biyu da suka wuce. Cikin "hummm" ɗin nan sai aka fara jin "ƙas... ƙas," jefi-jefi, kamar ana ƙwanƙwasa farce a kan tebur. Daƙiƙa biyu ta koma biyar. Wata rana ta yi in'ina, ta ce "Uwa-uwa-uwata," kowa ya yi dariya ban da ni. Na san wannan ƙarar. A ofis in na ji ta, a ranar nake canza faifan kwamfuta. Na kuma san batirin inbatar da ke tsare ta daga wasan wutar lantarki ya tsufa. Amma a gida sai na ce Asabar. Asabar takwas suka zo suka wuce. Ba lalaci ba ne, tsoro ne. Gyaran yana nufin in kashe ta wuni guda, gidan ya koma shirun nan na bayan tiyata da ba na son tunawa. Kuma can ƙasan raina ina jin in na kashe ta ba za ta ƙara tashi ba. Sai na riƙa tsayawa a ƙofar ɗakin ajiyar kowace safiya ina saurarenta, ina ƙirga tazarar da ke tsakanin ƙas da ƙas, sannan in ɗauki jakata in fita.

Ranar Talata an ɗauke wuta tun hantsi. Bayan azahar aka maido da ita da ƙarfi, har ƙwan fitilar kicin ya fashe. Daidai lokacin Baba ya rubuta wa Mama cewa zai ɗan kwanta, jikinsa ba daɗi. Wayar ta ce, "Zan ɗan kwan," ta yi shiru. Wannan ce maganar marigayiyar ta ƙarshe. Mama ta ji ƙaurin roba, ta ɗauka wani ne yake ƙona shara a waje.

Bayan kamar rabin awa Baba ya fito daga ɗaki yana dafa bango, gumi ya jiƙa masa riga. Ya rubuta, ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Mama ta yi abin da ta sani, abin da ta yi shekara uku tana yi: ta zaunar da shi, ta cire bututun wuyansa, ta wanke, ta mayar. Bututun fes yake. Ya girgiza kai, ya bugi ƙirji, ya kai mata wayar har gaban ido. Ita ko baƙaƙen zane kawai take gani. Ta ce a ranta ko ba ta wanke da kyau ba ne, ta sake cirewa ta sake wankewa. Sai da ta ga ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa sannan ta danna hotona a wayarta.

Mama ba ta kirana a lokacin aiki. Ina ganin kiran na ɗaga da sauri.

"Ke 'yar nan, wayar ta yi shiru. Babanki yana ta nuna min rubutu, yana ta gumi. Na wanke bututun sau biyu."

"Mama, yana numfashi?"

"Yana yi. Amma idonsa, ban taɓa ganin idonsa haka ba. Me ya rubuta? Ki gaya min me ya rubuta!"

Ba ni da hanyar gani. Na buɗe shafin daga kwamfutar ofis, ya ce ba a samu saba ba. Zan faɗi abin da na yi don ya zama shaida a kaina: na ɓata minti biyu cur ina ƙoƙarin tayar da ita daga nesa, ina ta buga umarni, Mama tana kuka a kunnena. Hannuna ya tafi ga abin da ya saba, kamar yadda nata ya tafi ga bututu. Sai can hankalina ya dawo.

"Mama, kai masa wayarki kunne. Baba, kana jina? Bar shafin nan. Turo min saƙo kai tsaye, ni zan karanta."

Na zuba wa wayata ido. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Saƙon ya shigo, ba ƙugiya ba komai: "kirji. hannun hagu. nauyi."

Na yi ihu na ce Mama ta buga ƙofar maƙwabcinmu mai tasi. Allah ya sa yana gida yana cin abinci, ya fito hannu ko wankewa bai yi ba, ya ciccibi Baba ya sa a mota. Ni ban tuna yadda na isa asibiti ba. Likitar da ta karɓe shi ta ce jijiyar zuciya ce ta toshe, suka shiga da shi suka buɗe ta. Da ta fito ta tambaye mu yaushe ciwon ya fara. Muka lissafa da Mama: tsakanin dannawarsa ta farko da saƙon da ya iso min, minti ashirin da biyar. Likitar ta dube ni ta ce, "Allah ya taimake ku."

Washegari da safe na ɗauki gawar marigayiyar zuwa wurin mai gyara, wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya kwance murfin, ya sunkuya ya shinshina, ya ce, "Malama, wutar ta shiga ko'ina. Kina da kwafi?" Na miƙa masa ɗan faifan nan. Ya jona shi, ya kai shi kunne, ya jira. Ya canza waya, ya sake jira.

"A jikinta yake lokacin da abin ya faru?"

Na gyaɗa kai. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambayi ɗan katin ajiyar da na ɗauki muryar a kansa tun asali. Na tuna bara na goge shi na ɗauki wani taron ofis da ba wanda ya taɓa saurara. Ya tura min kujera, na zauna.

Ya riƙe babban faifan da ke cikin marigayiyar kwana uku yana lallaɓa shi. Ranar Asabar ya kira ni. Muryar da marigayiyar ta yi mako biyar tana koyo ta tafi, ba ko ɓurɓushi. Daga cikin jimlolin Baba, ɗari bakwai da goma sha biyu ya iya cetowa, wasu ma a yanke. Na san abin da za su bayar: murya mai kama da ta Baba kamar yadda ƙane yake kama da wansa, ka ji ka waiga, ka ga ba shi ba ne. Kuma ba inda zan koma in ɗauko sauran, domin wurin da suke fitowa likita ya cire shi shekara uku da suka wuce.

Sau uku Baba yana rubuta min a takarda daga gadon asibiti, "Yaushe Maƙogwaro za ta tashi?" Sau uku ina cewa ana gyara. Ranar Lahadi da safe na zauna a bakin gadon, Mama tana gefe tana ninke masa riga, na faɗa masa gaskiya, har da Asabar takwas ɗin. Sannan ya jawo takarda.

"Duka?"

"Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tsira, Baba."

Ya sake rubutawa. "Jirgin ruwan fa?"

"Yana ciki."

Kafaɗunsa suka hau rawa, iska tana fita ta bututun "fuf, fuf," har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Dariya yake yi, ni kuwa kuka nake yi. Da ya lafa sai ya juya takardar ya yi rubutu mai tsawo, ya miƙo min, ya nuna Mama da haɓa. Na fara karantawa da muryata: "Ranar Talata na ga hannunki yana rawa kina wanke bututu. Na so in ce miki ba laifinki ba ne, ba ni da baki. Ba mutuwar na ji tsoro ba, na ji tsoron in tafi kina tsammanin ke kika kasa." Idona ya riga bakina zuwa layi na gaba, na tsaya cak. Ba maganar da 'ya za ta karanta tsakanin uwa da uba ba ce. Mama ta zare takardar daga hannuna, ta ninke ta ƙanana, ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta ce, "Ya isa. Na san sauran." Har yau takardar tana wurinta, ba ta iya karantawa, ba ta kuma yarda kowa ya karanta mata ba.

Ranar Litinin na yi abin da Yaya ya ce tun shekara uku. Bai ce min "na gaya miki" ba, ya zo ya zauna kusa da ni muka duba tare. Ban kai muryar ga masu cewa a kawo su yi komai ba, har gobe ba zan kai ba. Na kama hayar kwamfuta guda a wani kamfani da ɗakin injinansa bai yi nisa da mu ba, ni zan ɗora manhajar da hannuna, in kulle muryar da mabuɗin da ni kaɗai na sani. Kwafi ɗaya zai zauna a gidan Yaya, ɗaya a aljihun teburina na ofis, ba a jone da komai ba. Duk da haka sai da na yi minti goma yatsana yana kan maɓallin "na amince" kafin na danna. Ban san fuskar mutum ko ɗaya a kamfanin nan ba. Na dai gane cewa tsoron da ya sa na ɓoye muryar a gida shi ne ya kusa kashe mai ita.

Na kuma sa wa wayar Baba wata murya ta kanti, wadda ke aiki ko ba intanet, saboda irin ranar Talata. Muryar wani saurayi ce mai zaƙi. Da ta yi magana a asibiti Mama ta gyara mayafi ta ce, "Wannan ɗan gidan wa ye? Ka ce masa ya riƙa sallama kafin ya sa mana baki." Ta yarda a bar shi, amma don ciwo kawai, ban da hira. Ni kuwa har yanzu duk wayar da ta yi ƙara a ofis sai gabana ya faɗi. Sabuwar sabar tana can tana aiki lafiya, ba komai a cikinta tukuna, amma sai in duba ta sau ashirin a wuni.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo ɗaya mai tsaga a kusurwa, da allon rubutu wanda harafi biyu suka goge, da tsohuwar inbatar da ta kasa tsare ta, wadda ba ma riƙe ta da komai domin ita ma ba a kula da ita ba. Ta bar mai gidan da ta yi wa baki shekara uku, da matarsa, da Yaya, da ni. Ɗan faifan da ke kanta ya riga ya bi ta a rana ɗaya.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ana sa ran sallamar Baba daga asibiti ranar Alhamis, kuma ya nemi kada a fitar da ita sai ya dawo ya gan ta. Ba za a yi mata wanka ba, ruwa bai taɓa karɓarta ba. Ranar Asabar da safe mai gyara zai cire fankarta da abin da ya rage mai amfani, a sa wa wata kwamfutar da ke da buƙata, ya zama sadaka a gare ta. Sauran za a miƙa wa masu karɓar tsofaffin na'urori, da sharaɗin kada a ƙona. Babban faifan ba za a fitar da shi ba, yana naɗe a ƙyalle a wurina.

Za a karɓi gaisuwa a gida a ranar, daga hantsi zuwa la'asar. Kada kowa ya wahalar da kansa da kawo komai, wayoyinku kawai muke roƙo ku zo da su. Duk wanda Baba ya taɓa aika wa saƙon murya kafin tiyata, ko yake da bidiyon biki ko taro da aka ji shi a ciki, ko tsohon kaset, ko da gaisuwa ce ta daƙiƙa biyar, ko ciniki ne kan ƙofa ko gado, don Allah kada ya goge. Kada kuma a turo ta intanet, kada a sa a zauren hira na dangi. A zo da shi a hannu, ni zan jona waya in kwafa a gabanku. Kowace jimla da aka samu za ta matso da sabuwar muryar kusa da tasa.

Mama ta ce in ƙara da tambaya ɗaya: ko a cikinku akwai wanda ya taɓa ɗaukarsa yana dariya. Na gaya mata manhajar ba ta da abin da za ta yi da dariya. Ta ce ba don manhaja take tambaya ba.